Dogon Gilashin Jamaluddeen

Kafin in ɗora daga inda muka tsaya, bari in sallami wata yarinya da ta hana wayata sakat tun shekaranjiya. Ga abin da ta rubuto: "Hajiya don Allah wace kyamara ce ta fi kyau in riƙa ɗaukar agoguna da 'yan kunnen da nake sayarwa? Wanda zan aura ya ce zai saya min mafi tsada." Ta bi shi da jajayen zukata har uku. 'Yata, ajiye zukatan nan ki gyara zama. Ni ma an taɓa saya mini mafi tsada.

Waɗanda suka shigo yau, sunana Asama'u. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da kimiyya kafin gwamnati ta ce in je in huta. A shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ina da ashirin da shida, ina koyarwa a Bagudo, kuma ban yi aure ba, abin da ya sa Gwaggo Mariya, ƙanwar mahaifina da ta riƙe gidanmu bayan rasuwar innata, ta rage zuwa biki don kada a tambaye ta. Mahaifina kuwa shi ne Malam Ango Mai Agogo. Duk ranar kasuwar Lolo za ka same shi a teburinsa mai murfin gilashi, tsakanin masu canjin sefa da masu atamfar Kwatano. Daga Sharabi ake kawo masa gyara, daga Dole Kaina, har daga tsallaken iyaka. Shekara talatin agogo bai taɓa shiga hannunsa ya fita a mace ba. Wannan sunan shi ne gonarsa, shi ne garkensa. Ba shi da wani.

Sai kuma Jamaluddeen, mai nemana. Ranar da rediyo ya ce an ba mu jiha yana ƙaramin akawu a Sakkwato, mai ɗauko fayil ya miƙa wa wani. Kafin wata biyu ya zama mai ofis a Birnin Kebbi, da fanka da labule da motar aiki. Ba wani ilimi ne ya sauko masa ba, kujeru ne suka fi mutane yawa a shekarar. Ya koma sa shadda mai ɗaukar ido ko ranar Talata ce, hula a karkace, turarensa ya riga shi shiga zaure ya kuma kwana bayan ya tafi. Gwaggo in ta ji tsayawar motarsa har zani take sakewa, kai ka ce wurinta ya zo. Ba zan yi masa ƙarya ba, kyakkyawa ne, kuma yana gai da manya har ƙasa. Akwai ranakun da na ce a raina, Asama'u, wa kike jira, mala'ika?

Abin da ba a sani ba a Lolo shi ne idon Baba ya fara yana. Ni na fara ganewa, ranar da na ga ya ɗauki sukuru da hantsaki ya ajiye shi gefen raminsa, ya shiga murɗa iska. Canjin batir da maɗauri da gilashi yana yi da lalube, hannu ya saba. Amma agogon murɗawa, mai 'yan tayoyi da haƙoran da ba su kai kan allura ba, wannan sai ido.

Ana cikin haka Alhaji Yero, falken shanu, ya kawo agogon mahaifinsa, na murɗawa, wanda tsohon ya sayo a hanyar Makka tun ana tafiya ta ƙasa. Ya ce zai yi kudu da shanu, sati shida, in ya dawo ya karɓa. Alhaji Yero irin mutanen nan ne da in sun yi atishawa a Lolo ake ji a Kamba. In ya ce Ango ya kasa, teburin ya mutu ke nan.

Muka rufe ɗaki ni da Baba. Na maƙala ɗan gilashinsa na ido ɗaya, na leƙa cikin agogon.

"Mi kinka gani?"

"Wani abu kamar gashi, ya nannaɗe."

"Kowane agogo haka shi ke. Sai mi?"

"Taya mai haƙora."

"Asama'u, tayoyi biyar ne ciki. Wace?"

Na ɗauko takarda na zana masa da babban alƙalami, na cika fuskar takardar. Ya kai ta kusa da hanci, ya daɗe, sannan ya ce, "Wanga ai wainar Gwaggonki ce."

Ni ina da ido ban san abin da zan nema ba, shi ya san abin nema ba shi da ido. Amma na lura da abu ɗaya: ya ga zanen. Babban abu, baƙi a kan fari, yana gani. To in zanena ne ya zama waina, akwai abin da ba ya zana ƙarya.

Washegari bayan an tashi daga makaranta na je wurin Maman Dapo, Bayarabiyar da ke da shagon hoto kusa da tashar Bagudo. Shekara ashirin ta yi a garin, Hausarta ta fi ta wasu hakimai. Rabin aikinta na matattu ne: in mutum ya rasu sai iyalinsa su kawo ɗan hoton fasfo, ta ɗauke shi kusa-kusa ta mayar da shi babba na rataye a bango. Ban faɗa mata dalili ba. Na ce darasi zan yi wa ɗalibai a kan cikin agogo, ko za ta ara mini kayanta.

"Tisha, kyamara da miji ba a ba da aro. Kawo agogon nan in ɗauka."

"Ba ya fita daga gida. Amana ce."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ba ta tambaya ba, Allah ya saka mata. Ta ce, "To rubuta. Kyamara mai cire gilashi, kowace iri, ko tsohuwa ce. Gajeren gilashi, mai lamba hamsin. Zobba uku da ake sawa tsakanin gilashin da kyamarar, su ke sa ta ga abu a kusa. Ƙafa uku ta tsayar da ita. Igiyar latsawa, don kada hannunki ya girgiza ta. Fim baƙi da fari, shi nake wankewa a nan rana ɗaya. Filas kuwa, fitilar nan mai walƙiya, ko kyauta aka ba ki ki ce kin gode."

"Don me?"

"Ƙarfe za ki ɗauka. Je ki haska madubi da tocila ki dawo ki gaya mini abin da kika gani."

Ke mai jajayen zukata, kwafi wannan ki ajiye. Kayan sun canja, waya ma yanzu tana yi, amma maganar ba ta canja ba: abin da zai matso kusa, abin da zai tsaya cak, da haske mai laushi. Ba a tambayar tsada.

Irin waɗannan kaya a lokacin sai Kwatano. Kuma a satin nan Jamaluddeen ya zo zaure yana sanar da duniya zai tsallaka Kwatano sayen kujerun sabon gidansa.

"Malama, mi zan riƙo miki? Leshi? Sarƙa? Hwaɗi kurum."

Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya ɗaga gira. Daga bayan ƙyaure na ji Gwaggo ta ce, "Kyamara! 'Yan mata na karɓar gwal, tamu na karɓar ƙarhe."

"Ki ɗauka an yi," in ji shi.

"Abin da ke takardar kawai, don Allah. Kada a ƙara, kada a rage."

Ya yi murmushin da maza ke yi in sun riga sun daina sauraro.

Ku 'yan yanzu ku sani, a wancan lokacin a wurinmu kayan toshi ba kyauta ba ce kurum. In kin karɓa kin buɗe ƙofa. In daga baya kin fasa, sai a fito da kaya gaban dattawa a mayar yadda suka zo, ko allura ba ta ɓata ba. Na san haka sarai. Na ce a raina, ai kyamara ba ta ƙarewa kamar sabulu, in ta ɓaci sai in mayar masa da abinsa.

Sati biyu da kwana uku ya yi. Ya dawo wata Laraba da la'asar cikin farar shadda mai aikin zare ruwan toka, rataye da baƙar jaka kamar ta likita. Gwaggo ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kawo fura a langar da ba a taɓawa sai da salla, ta kuma ƙi komawa ciki. Ya zuge jakar a hankali, yana kallon fuskata. Ya fito da kyamara sabuwa fil. Ya fito da gilashi mai tsawon damtsena. Ya fito da filas mai girman kan yaro, da fim mai kala guda biyar. A ƙarshe ya fito da maratayi na jar fata, wanda ya tsaya ya ba baduku ya buga wa suna da manyan baƙaƙe. Kuna tsammanin sunana ne? JAMALUDDEEN. A jikin kyautar da ya kawo mini.

"Ina zobban?"

"Waɗanne zobba? Na nuna ma mai shagon takardarki ya yi dariya. Ya ce kayan 'yan koyo ne. Wanga shi manyan 'yan jarida ke riƙewa. Daga nan kina iya hango mutum bakin kogin Kwara ki ƙirga maɓallan rigarsa."

"Ba mutum bakin Kwara nake son gani ba. Ƙafa ukun fa?"

"Haba Malama. Ta masu hoton fasfo ce bakin tasha. Ni da matsayina in ratayo miki sanduna daga Kwatano?"

"Na ce maka ƙaramin abu zan ɗauka, a kusa."

"Ke ce mai kimiyya," ya ce, yana gyara hula. "Abin da ya jawo na nesa ya kawo shi kusa, ina ga wanda da ma kusa shi ke?"

Ku ji fa. Kuma wallahi da a majalisa ya faɗi wannan, kowa kai zai gyaɗa. Irin maganar nan ce mai kama da hikima, wadda ba a taɓa gwadawa saboda ta yi daɗi a kunne.

Gwaggo ta shafa dogon gilashin kamar mai shafa jariri. "Araha ba ta ado," ta ce. Karin maganar nan ta talauta mutane fiye da fari. Ni ba ado na aike shi ba.

Da safe Baba ya buɗe bayan agogon ya ajiye a tebur. Na ɗaura dogon gilashin na leƙa. Kunu. Na ja da baya taku ɗaya, kunu. Na kai bakin ƙofa, kunu. Sai da na fita tsakar gida, bayana ya taɓa randa, sannan abu ya washe. Agogon Alhaji Yero ya fito sarai, girmansa kamar ƙwayar wake. Dogon gilashi ba ya gani a kusa, haka aka yi shi, kamar tsohon da sai ya miƙe hannu yake karanta wasiƙa.

Baba ya ɗaga murya daga ciki. "Kin gani?"

"Na ga teburin, Baba."

Na kunna filas don in cika wa Jamaluddeen haƙƙinsa. Ƙarfen ya maido mini da hasken a ido har na ga taurari. Fim mai kala kuwa sai an aika Sakkwato a wanke, zuwa da dawowa sati biyu in direba bai manta da shi a aljihu ba. Saura sati biyu da 'yan kwanaki Alhaji Yero ya dawo.

Baba ya mayar da murfin agogon da lalube. "Bari, ɗiyata. In Yero ya zo in hwaɗa mai gaskiya." Ya faɗa da muryar mutumin da ke zaɓen likkafaninsa.

Na zuba jakar cikin buhun shinkafa don kada Gwaggo ta gani, na ɗora a kai na nufi tasha. Maman Dapo ta buɗe, ta ɗaga dogon gilashin, ta yi dariya har sai da ta nemi kujera.

"Wa ya saya miki wannan? Agogon a Nijar yake?"

Amma na ga idonta ya ƙi barin kayan. Ashe za a yi babban taron murnar jiha a Birnin Kebbi, kuma masu hoto irinta a bayan igiya ake tsayar da su, nesa da manya. Da wannan za ta ɗauko fuskokinsu daga inda take. Ta shiga ɗakin duhunta ta fito da tsohuwar kyamararta ta biyu, fentin ya goge a kusurwoyi, da gajeren gilashi, da zobba uku, da igiyar latsawa, da ƙafa uku wadda aka ɗaure ƙafarta ɗaya da robar taya. Ta ɗora fim biyu a kai.

"Jaka da jaka. Amma Tisha, musanya ce, ba aro ba. Ni ba na ciniki sau biyu."

Kada wata ta rubuto mini ta ce yarinta ce. Na san abin da nake yi. Na tsaya ina ganin zauren gidanmu, da dattawa a jere, da ranar da za a ce a fito da kaya in rasa abin fitarwa. Na auna wannan da teburin Baba. Na ce, "Na yarda."

Ta koya mini a tsaye, tana yi tana sallamar masu fasfo. "Ki matse ramin haske har lamba goma sha shida. In ba haka ba haƙori ɗaya zai fito, sauran su narke. Amma in rami ya matse haske kaɗan ke shiga, dole kyamara ta daɗe a buɗe. To ko numfashi kada ki yi kusa da ita."

Ranar Asabar Gwaggo ta tafi suna Sharabi. Da hantsi na ja teburin Baba bakin taga, na rataya farin mayafina a jikin tagar, hasken ya yi laushi kamar nono. Na shimfiɗa guntun baƙin karammiski, na ɗora agogon, na ajiye tsinken ashana a gefe don a san girman komai. Na ɗaura zobban duka uku, na tsayar da kyamarar a kan ƙafafunta tana kallon ƙasa, tsakaninta da agogon bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Na leƙa.

Masu karatu, gari na gani. Tayoyi kamar na amalanke, gadoji, jajayen duwatsu a ramukansu, da wata 'yar ƙura da ta zama kamar akuya kwance a hanya. Shekara nawa ina koya wa yara yadda haske ke lanƙwasa a gilashi, a kan allo, da alli, ban taɓa gani ba sai ranar.

Zan latsa ke nan motar albasa ta wuce bayan gida, ƙasa ta girgiza, garin nan duka ya yi rawa. Muka jira. Na riƙe igiyar, na riƙe numfashi. Baba ne ya ƙirga mini daƙiƙu, don kansa ya fi kowane agogo daidai. "Ɗaya. Biyu. Sake." Ya cire gadar da ta rufe tayoyin da lalube, ina gaya masa dama ko hagu, na sake ɗauka. Sau goma sha biyu.

Ranar Litinin na dawo da hotuna uku, kowanne ya kai faɗin faranti. Baba ya fita da su bakin ƙofa inda rana take. Ya kai na farko kusa da fuska, ya ajiye. Ya ɗauki na biyu. Yatsansa ya fara tafiya a kan takardar, taya bayan taya, kamar mai bin sawu. Sai ya tsaya.

"Ga shi. Ɗan banza."

A taya ta uku haƙori ɗaya ya kwanta. Ni na kalli wurin nan ya fi sau ashirin da gilashinsa ban ga komai ba. Ya kuma nuna mini inda zagaye biyu na gashin nan suka manne da tsohon mai. Ya ƙirga haƙoran tayar a takarda, saba'in da biyar, ya ce in ɗauko gwangwanin matattun agoguna da ke ƙarƙashin gadonsa. Kwana huɗu ina tona gawa ina ƙirga haƙora kafin in sami mai kama da ita, na ɗauke ta hoto, ya duba, ya ce ita ce. Sauran aikin hannuna ne da bakinsa. "Kada ki danna. Ki bari ta zauna da kanta. Kin ji ta zauna?" Sau biyu sukuru ya yi tsalle muka share ɗaki da tafin hannu. A rana ta tara na murɗa, gashin ya fara numfashi. Baba ya kai agogon kunne, ya juya mini baya, ya daɗe a haka.

A ranar ce kuma direban motar Birnin Kebbi ya miƙo mini wasiƙa a bakin makaranta, a farar ambulan ta ofis. Har yau na haddace ta. "Malama Asama'u, bayan gaisuwa. Na ga sunana a wuyan wata mata, gaban manyana, ana karantawa ana dariya. Ina son bayani." Maman Dapo ba ta cire maratayin ba. Don me za ta cire, fata ce mai kyau.

Ban ba shi amsa ba. Sai ya zo gida ina makaranta, ya sami Gwaggo. Da na dawo tana tsaye tsakar gida, kallabi a ɗaure a ƙugu.

"Kin musanya kayan toshi? Gidan wa anka taɓa yin haka?"

"Gidan yayanki, Gwaggo."

"To yanzu mi za ki mayar? Ba ki da abin mayarwa. Kin amsa ke nan, ko kina so ko ba ki so."

Faɗa take, amma na ga murna tana leƙowa ta ƙarƙashin faɗan. Abin da ba ta gaya mini ba shi ne abin da ta ba shi don ya huce.

Ranar kasuwa na nemi izini a makaranta na bi Baba Lolo, wai zan sayi kifi. Ina sanye da atamfa shuɗiya mai zanen ganye da farin mayafin nan, na tsaya bayan teburin riƙe da ƙunshin kifin banda. Mutum huɗu na jira, biyu sun riga sun ajiye agogunansu a kan gilashi. Sai ga Alhaji Yero da sandarsa a kafaɗa, ƙurar hanya har rawani. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi kudu. Baba ya buɗe ƙyalle ya miƙa masa. Alhaji ya kai kunne, ya lumshe ido.

"Muryarsa ce," ya ce. "Yadda nike jin ta hannun tsoho."

Da a nan aka tsaya.

Turaren na fara ji. Jamaluddeen ya ratso masu canji cikin babbar riga ruwan sararin sama, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba, ya gai da Alhaji, sannan ya miƙe ya buɗe murya yadda ake yi a taro.

"Baba, Gwaggo ta hwaɗa mini komi. Don Allah mi ya sa kunka ɓoye? Da kun ce idonku ya tahi, ai ni mai kai ku asibitin ido ne har Kano, da motar ofis. Ba sai an kai kayana tasha an musanya ba."

Da mugunta ya yi da na fi girmama shi. Alheri ya zo yi, kuma yana so a gani.

Har mai atamfa ya daina aunawa. Wani mutum ya miƙa hannu a hankali ya ɗauke agogonsa daga kan gilashi ya sa aljihu, kamar mai janye yaro daga bakin rijiya. Na biyun ya bi shi.

Alhaji Yero ya ce, "Ango, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"To wa ya gyara wanga?"

Baba zai iya cewa shi ne, ba mai ƙaryata shi, agogon na tafiya. Ya sunkuya ya zaro hoton daga ƙarƙashin tebur, ya shimfiɗa shi gaban kowa.

"Ni na gani, nan. Ita ta taɓa."

Alhaji ya ɗauki hoton a juye, ya duba, ya dube ni, ya dubi kifin da ke hannuna. Bai ce madalla ba, kada ku sa masa abin da bai faɗa ba. Ya ɗaura agogon, ya ce, "Kasuwa mai zuwa in ya ƙara minti ko ya rage, na san wurin da zan zo."

Baba ya tashi daga kujerar da ya shekara talatin a kai. Ya cire igiyar ɗan gilashinsa daga wuya ya ajiye a kan teburin. "Zauna."

Na ajiye kifin na zauna.

Lauwali mai canji, maƙwabcin teburin, ya ƙyalƙyale da dariya. "Yau mun ga jiha sabuwa! Mace bisa teburin Ango!" Ya kwance wani tsohon agogo daga hannunsa ya turo mini shi da yatsa ɗaya. "To Malama, gwada wanga mu gani. Tun bara shina barci." Ba don ya yarda da ni ba ne, kallo yake so a yi. Kuma an taru.

Na ɗauki wuƙar buɗe murfi. Baba ya tsaya a kafaɗata. Sai Jamaluddeen ya sunkuyo kan teburin, babbar rigarsa ta rufe komai, ya rage murya a karo na farko a rayuwarsa.

"Asama'u, ko a maido mini kayana yadda na kawo su kafin Juma'a, ko iyayena su zo a sa rana. Zaɓi ɗaya."

Kayan na wuyan matar da ba ta ciniki sau biyu, Juma'a kuwa saura kwana kaɗan. Murfin ya buɗe a hannuna, na leƙa, ban ga komai ba sai inuwa.

"Jamalu," in ji Baba.

"Na'am, Baba."

"Matsa. Ka tare mata haske."